Gaurakin Yaya Garba

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa a ƙauyenmu Karaye, kuma kunya ba za ta hana ni faɗi ba: har gobe ina ƙyashinsa. Masu irin wannan rubutu yabo suke jerowa. Ni ban iya ba. Allah Ya jiƙan Yaya, amma mutumin nan ya sha gabana yana raye, ya mutu kuma bai fasa ba.

A shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, wani Alhaji, attajirin albasa daga Aliero, ya gina gidan hutu a bakin fadamarmu. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ɗakuna huɗu masu sanyi, kafet har bakin ƙofa, janareto, famfo mai ruwan zafi, ga baranda tana fuskantar ruwa. Mutum ya kama gidan gaba ɗaya na mako guda, a dafa masa, a yi masa wanki. Ni aka ɗauka manaja, don ni kaɗai na yi boko a gidanmu. Na ɗinka kaftani biyu, na rataya makullai.

Manyan ma'aikata daga Birnin Kebbi sukan zo su ci kifi su yi barci. Amma masu daɗewa, Turawa da 'yan Legas, kallon tsuntsaye ke kawo su. Na sayi littafi, na haddace sunayen tsuntsaye da Turanci. Aikin banza! Gari na wayewa sai ka ji baƙo yana cewa, "Ina Garba?"

Garban da ko sunansa bai iya rubutawa ba, ɗan rakiyar baƙi kawai aka ɗauke shi. Tun muna ƙanana shi ake ɗorawa kan rumfar gona yana korar jan-baki masu cin hatsi, ni ina aji, a can ya san tsuntsaye. Ya san bishiyar da shamuwa za ta fara sauka, ya san inda dinya ke kwana. Akwai gauraki biyu masu sheƙa cikin dogon hakin da ke gaban baranda, su ake tsallako ƙasashe a gani. Sai ya sa baƙi su tsugunna cikin laka su yi tsit, su dawo suna murna kamar an ba su kujerar Makka. Ni da Turancina, aikina bai wuce "Garba ya ce kaza" ba. Wata tsohuwar Baturiya har madubinta na hangen nesa ta bar masa. Ni kuwa tawul ta ce in canza mata.

Wata damina Alhaji ya aiko cewa manyan baƙi na tafe, a gyara gida. A wurinmu girmama baƙo shara ce, ba a sauke mutum da ciyawa a ƙofar ɗakinsa. Na ce za a nome hakin gaban baranda. Yaya ya ce, "Bello, bar hakin ga. Gidansu na, suna bisa ƙwai." Na ce masa ni ne manaja. Tsakani da Allah na san da sheƙar. So nake baƙi su zauna kan kujera a barandata, in zuba musu shayi in yi bayani, ba sai sun bi Garba cikin laka ba.

Na bari ya tafi kasuwar Jega, na sa 'yan ƙodago suka kwashe hakin tas. Da la'asar ya dawo, ya tsaya kan sheƙar, ƙwai biyu a fili rana ta gama da su. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sanyi.

Baƙi suka kwana uku ba gauraka, suka tattara kayansu. Alhaji ya iso yana huci, ya ce wanda ya yi wannan aika-aika ya bar masa gida yau. Na tuna matata da goyo. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Ni na ce a share, Alhaji. A yi haƙuri." Aka sallame shi. Na tare shi a hanya, abin da ya ce kawai, "Kai ba ka iya noma ba, Manaja. Ni na iya." Wallahi ran nan ma haushinsa na ji. Laifin da na aikata da hannuna, shi ma sai da ya karɓe ya mayar da shi abin kirkinsa. Ya koma gonar gero, bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, ni ma na yi gum.

Yau 'ya'yan Alhaji sun sabunta gidan. Sola a kan rufi, wurin ninƙaya, ana ta tallarsa a waya. Baƙi sukan nuna wa tsuntsu waya ta faɗa musu sunansa. Da Yaya na nan na san abin da zai tambaya: to, ta san inda zai kwana? Sun bar haki ya dawo, sun kafa rumfar kallo a gefensa, suka rubuta a allo: Rumfar Garba. Sun ce ko da ya yi kuskure sau ɗaya, ba a yi masanin tsuntsaye kamarsa ba. To su karanta nan su sani, bai yi kuskuren ba, ni ne. Ni da na riƙe makullan gidan shekara da shekaru, yanzu mai gadi kan tambaye ni wa nake nema.

Madubin Baturiyar nan ni na gada. Kowace damina nakan je rumfar da sassafe in zauna, ban gaya wa kowa abin da nake jira ba. Bana, bayan duk shekarun nan, gauraki biyu suka sauka cikin hakin. Ni na fara ganinsu, kafin baƙi, kafin kowa. Na juya da sauri na ce, "Yaya, yau dai na riga ka!"

Ba kowa a rumfar sai ni da allon.