Fim ɗin masu walda

Ƙanena, wanda muke ce wa Guduma, mai walda ne. Tun yana ƙarami, in ya kalli fim ɗin kareti, ranar ba bokitin da zai zauna lafiya a gidanmu. Da ya tasa Baba ya kai shi shagon walda, wai ƙarfe zai sauke masa kai. Ashe abokan faɗa aka samo masa. Duk ranar da ba aiki, shi da abokan aikinsa sai su yi ta tsalle-tsalle suna ɗauka da waya, har suka haɗa fim nasu na kansu.

Burinsa ɗaya ne, a haska fim ɗin a gidan kallon unguwarmu. Mai gidan kallon kuwa in ya ce a'a, to an gama. Jiya ya ce a kawo ya gani.

Guduma ya ce mini, "Yaya, zo ka raka ni."

Muka zauna a benci mu uku. Wallahi da ƙanena ya bayyana a allo, ya tashi sama ya juya ya sauke ƙafa a kafaɗar Dogo abokin aikinsa, ban san na miƙe tsaye ba.

Mai gida ya ce, "Zauna malam, ka tare ni. Kai Guduma, dukan nan na gaske ne?"

"Na gaske ne, ranka ya daɗe. Har yau Dogo ba ya ɗaga hannun."

"Faɗan ya yi, ba ƙarya. Ƙarar ƙarfen ma ta ba shi armashi. Amma maganarku ba a ji. Kuma miyagun nan layi suke bi kamar masu ɗiban ruwa, sai ka gama da ɗaya na baya zai matso."

Guduma ya sunkuyar da kai.

Sai ga faɗan ƙarshe, shi da babban mugu, wato ogansu na shago. Ana tsakiyar ba-ta-kashi, suka iso inda wayar injin walda take a ƙasa. Su biyun suka tsaya cak, kowa ya ɗaga ƙafa ya tsallake a hankali, sannan aka ci gaba. Da ogan zai faɗi matacce ma, sai da ya matsar da tukunyar gas gefe.

Mai gida ya yi dariya har da tari. "Mugun naku yana mutuwa yana gyara kaya?"

"Dokar shago ce, ba a taka wayar nan. Amma zan yanke wurin."

"Ka yanke in fasa. Wurin nan mutane za su dawo gani. Ka gyara mini sauti kawai, ranar Asabar a haska."

Ƙanena fa! Tun safe nake bin layinmu gida-gida ina faɗa wa mutane, har muryata ta dushe. Baba ma ya ce a ajiye masa wuri a bencin gaba.