Awakin Kawu da Akwatin Gidan Waya

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Rikoto, ciwon rubutu ya kama ni. Wani malami ya ara mini wata mujallar adabi da ake bugawa a Kaduna, a bangon baya na ga suna neman waƙa, gajeren labari da barkwanci. Sai na ce ni ma ai da hannu aka haife ni. Na tura musu dukkan ukun, don ban san wanne zai ci ba.

Waƙar ta damina ce, labarin kuwa ko ni ban tuna shi ba. Barkwancin ne na zuba wa gishiri. A kan kawuna na rubuta shi, yayan mahaifiyata, tsohon soja, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara tara. Kullum da yamma sai ya tsaya a bakin garke, ƙirji a gaba, ya riƙa kiran awakinsa ɗaya bayan ɗaya da sunayen maza, kamar ana fareti. In akuya ta yi nawa sai ya sake kira, har sau uku. Mu yaran gidan mun sha dariya a bayan rumbu. Na kwashe wannan duka na rubuta, har sunayen ban canza ba.

Mujallar ta ce a haɗa da ambulan mai kan sarki da adireshi, don a mayar wa mutum abin da ba a ɗauka ba. A lokacin ba kowa ke da akwatin gidan waya ba, namu na coci ne, duk unguwa da shi muke amfani. Na rubuta lambar ba tare da tunanin komai ba. Sai da na jefa wasiƙar, ina kan acaba zan koma gida, na tuna wanda ke riƙe da makullin akwatin. Kawu ne. Kuma a gidanmu wasiƙar budurwa sai ta bi ta idonsa kafin ta iso hannunta.

Daga nan zama ya gagare ni. In sun buga, zai gani. In sun ƙi, zai gani. Na koma gidan waya na roƙi ma'aikacin ya ciro mini, ya ce jakar ta riga ta bi mota. Na roƙe shi in amsa ta zo ya ajiye mini a gefe, ya ce aikinsa ya fi masa ni. Na yi ta yi wa Kawu tayin in riƙa ɗauko masa wasiƙu don ya huta, ya dube ni ya ce ƙafafunsa ba su kawo ƙara ba. Wata huɗu ina haka. A aji sai in rubuta darasi in goge, in sake rubuta shi. Ranar Lahadi kuwa, in ya miƙe bayan sujada yana rabon wasiƙu, sai in zuba wa hannunsa ido.

Da amsar ta zo, bai ba ni a coci ba. Da yamma ya kira ni gindin mangwaro, ambulan a buɗe kan gwiwarsa.

"Ɗiyata, sun ɗauki waƙarki. Barkwancin ga kau sun maido."

Na durƙusa a gabansa.

"Kin iya rubutu," ya ce. "Har ni na yi dariya. Amma sunayen ga da kinka sa, kin san ko na su wa ne?"

Na ce ban sani ba, Kawu.

"Mu goma sha ɗaya munka tafi yaƙi daga ƙasag ga. Ni kaɗai na komo."

Ya miƙo mini ambulan ɗin da hannu biyu, bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi, don kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.

Da rana ta yi sanyi awakin suka taru a bakin garke suna jira. Ya tashi ya ɗauki kara, ya kora su ciki bai kira sunan ko ɗaya ba. Haka ya ci gaba da yi har ya bar duniya.