Baƙin Zanzaron Maruta

Malam Abdurra'uf manomi ne a Maruta. A daminar 1993 ya ga wani baƙin zanzaro yana jan gizo-gizo zuwa rami, ya sha harbi biyu kafin ya sa zanzaron a kwalba. Wani jami'in bincike ya karɓa, amma a takarda ya rubuta cewa shi ya kama shi a garinsu Sundimina. Labari ya iske Abdurra'uf, ya ƙullace shi.

Bayan shekara biyu jami'in ya dawo, manyansa sun matsa masa ya kawo wani irinsa.

"Malam, ina raminsu?"

"Ai kai ka kama shi, ranka ya daɗe. Koma Sundimina ka duba."

Har Abdurra'uf ya rasu bai nuna wa kowa wurin ba.