Inna Mai Fo Ta Riga Likita Gani

"Ba ta tari, Inna! Sau nawa zan faɗa miki?" in ji shugabar nas-nas.

"Ranki ya daɗe, ke ƙirji kike saurara, ni fo nake gani. Ki raba tsohuwar gadon ƙarshe da mutane."

"Yaushe kika zama likita?"

Ni ina gefe ina jinyar ƙanwata, na yi kamar ina gyangyaɗi, kunne kuwa a tsaye.

Inna mai fo ke nan. Shekara talatin tana shiga ɗakin mata na asibitin nan da sassafe, ta kwashe abin da 'ya'yan cikin mutum ke toshe wa hanci. Kuma ba ta zubarwa sai ta duba. Ta san zawon gurɓataccen ruwa, ta san na magani. Irin zawon tsohuwar nan kuwa, a shekarar korona, sau uku tana ganinsa ga marasa lafiya masu zazzaɓi da ƙin abinci, duk ukun daga baya numfashi ya sarƙe.

Sai bayan kwana huɗu aka gwada tsohuwar. Korona ce. Wani likita ya zo, hannu a aljihu, wai ƙwayar ba huhu kaɗai take kamawa ba, tana samun ƙofa a bangon hanji, sojojin jiki su taso mata, yaƙin ya kumbura ciki. Sannu da ƙoƙari, likita! Lokacin matar gadon kusa da tsohuwar ta riga ta ɗauki cutar. 'Ya'yanta biyar. A lulluɓe aka fitar da ita, Inna ce ta wanke gadon.

Ke ce, Inna, mai ido inda kowa ke kau da kai. Allah ya saka miki. Ku kuma masu farar riga, in mai tsintsiya ta yi magana, ku tsaya ku ji.

Makon jiya aka yi wa Inna taron ritaya a ofis. Shugabar ta miƙe tana zuba jawabi, wai da sa idonsu suka gano cutar tun da wuri. Inna ta ajiye kofinta.

"Ranki ya daɗe, matar gadon kusa, yaya sunanta?"

Shugabar ta shiga juya takarda.

"Ni na riƙe shi," in ji Inna.

Ta ɗauki jakarta, ta fice, ta bugo ƙofa garam.