Dogayen Sojojin Abdussalam

Abdussalam likitan haƙori ne a Salford, kuma tun yana jami'a ya kamu da son wasan yaƙi na kan tebur. Ƙananan sojojin roba yake saye, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Sai ya zauna ya yi musu fenti da siririn buroshi, ranar Asabar ya kai su kulob su gwabza da rundunar wani.

Wata rana ya je gaida yayarsa Fauziyya a Handsworth, ta miƙo masa kwali tana murmushi. "Ga 'yan tsanarka, a charity shop na gani, wajen 'yan gwanjo." Ya buɗe ya tarar da sojoji masu kyan gaske, sai dai kowanne ya kusa ninka nasa tsawo.

"Yaya, ai scale ɗin ba ɗaya ba ne, sun fi nawa tsawo."

"To, mu a gidanmu tsawonmu ɗaya ne? Tsaya kusa da Baba mu gani."

Ya rungumo kwalin zuwa gida. Ya fiƙe 'yan faifan da suke tsaye a kai don su rage tsawo, ya jera su a sahun baya, amma suna ta leƙo kan sauran kamar iyaye a taron makaranta. Da ya gaji, ya yi musu fenti ya tura su gaba.

A kulob, abokin karawarsa Graham ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yarda a buga. Abdussalam ya sha kashi ranar, don a 'yan katangun da ake jerawa kan tebur babu wadda ke ɓoye dogayen daga harbi. Har yau da su yake fita, kuma yara 'yan kallo teburinsa suke fara zagayewa.