Verna Rautio da ciyawar bayan rumbun gishiri

Sau uku hukumar garinmu ta shimfiɗa ciyawa a gangaren bakin babban titi, sau uku ta mutu. Kuma ni na kashe ta. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa motar watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, a nan arewacin Minnesota ta Amurka. In ban watsa ba, motoci su zame su kashe mutane. In na watsa, ƙanƙara ta narke ta kai gishirin cikin ƙasa. Da hunturu ya wuce sai gangaren ya koma tsirara, ruwan sama ya kwashi taɓo ya zuba a gidaje tara da ke ƙasa. Akwai shekarar da aka fito da wata tsohuwa a goye.

Ban yi karatu mai nisa ba, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma ranar Juma'a Verna Rautio za ta ajiye aiki, kuma ban ga mai shirin faɗin gaskiya a kanta ba.

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe shida na safe take isowa wurin aiki, gorar kofi a hammata, tsumma ɗaure a gwiwa. A da ita ce shugabar masu kula da ciyawar gari. Ba ta doguwar gaisuwa. "Mai gishiri" take kirana, sannan ta tambaye ni fili nawa na halaka bana.

Wata rana na same ta durƙushe bayan rumbun gishirinmu, inda ko ƙaya ba ta fitowa, tana tsinkar iri daga wata siririyar ciyawa mai launin toka. Na ce ko kiwon zomo ta fara. Ta ce in daina zubar da ruwan wankin motata, in riƙa tara mata a jarka. Da ruwan nan take shayar da irin a gwangwanayen kofi. Wanda ya mutu ta watsar, wanda ya tsaya ta ɗebi irinsa ta sake shukawa, ta ƙara gishiri. Shekara shida tana wannan. Mijinta ya ce har tagar ɗakin kwanansu gwangwani ne.

Mu nan da ido muke zaɓen ciyawa. In ta yi kore shar, ta kwanta kamar darduma, magana ta ƙare. Saura mako biyu bikin huɗu ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, shugaban ayyuka Gordon Sletten ya sake kawo irin waccan, naɗaɗɗiya, wadda ake shimfiɗawa yau a ɗauki hoto gobe. Verna ta tare babbar motar a bakin gangare, ta ce wa direba ya juya. Ina tsaye Sletten ya iso.

"Verna, ke ce shugaba ko ni?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Amma ba zan sa mutanena su binne gawa ta huɗu ba. In kana so, ga shebur."

Bai ɗauki shebur ba. Ta shuka nata irin. Ranar biki gangaren ya fito tsilli-tsilli kamar gemun tsoho, masu wucewa na ta dariya, har da ni. Abin haushi, ɗaya daga cikin masu gidajen ƙasa, waɗanda ake wahalar dominsu, ya hau da tankin feshi a baya, wai zai kashe ciyawar banza. Ta tsaya gabansa, ta ce sai dai ya fara fesa mata.

Kafin wata ya ƙare takarda ta fito: ƙin bin umarni. Aka sauke ta, aka tura ta kwashe shara a wurin shaƙatawa. An ce ta rubuta ban haƙuri a mayar mata da kujerarta. Ta ce ita ba ta san wanda ta yi wa laifi ba.

Hunturun nan na watsa gishiri kamar kullum. Ko cokali ban rage ba, don ita ta hana ni ragewa. Da ƙanƙara ta narke, ciyawar na nan. Ruwan Afrilu ya sauka, taɓo bai motsa ba. Shekara tara ke nan. Garuruwa uku sun zo sun karɓi iri, rahoton hukuma kuwa ya kira abin "sabon tsarin ofishinmu".

Ke ce, Verna, mai kunnen ƙashi a inda ya dace. Ke ce kika tsuguna kika nemi abin da ke raye, mu muna kallon launi. Na yi miki dariya, na janye. Na gode, ni da gidajen nan tara, ko da yawancinsu har yau ba su san wa za su gode wa ba. Ku masu shigowa aikin nan, in kun san abu mutuwa zai yi, kada ku shuka shi don a tafa muku.

Amma ku sani abin yana da tsada. Sletten ya tafi, an sa wa filin ƙwallo sunansa. Verna ba ta rubuta takardar ban haƙurin ba, su ma ba su mayar da ita ba. Na ga shaidar sallamar da za a miƙa mata. Ƙarƙashin sunanta an rubuta: mai kwashe shara, matakin farko.