Yauƙin da Inna Ta Riƙa Ba Akuya

A ƙauyenmu, can gefen Ollelewa, in ana zancen kunu to gidanmu ake fara ambata. Inna, mahaifiyata, takan surfa geronta har ya yi fari, ta wanke, ta jiƙa, ta niƙa, ta tace da ƙyalle, sannan ta dama. Kununta ba gudaji, ba tsaki, balle yauƙi. A wurinta yauƙi na miyar kuɓewa ne, kuma duk macen da kununta ya ja zare ƙazama ce. Da azumi ƙwaryarta ake fitarwa ƙofar gida, inda Baba ke buɗa baki da abokansa, ita kuma ta laɓe bayan zana tana sauraron yabo. Ni dai ban gaji hannunta ba, bakinta na gada.

Shekarar da aka gano Baba yana da ciwon suga ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, don haka ni na kai shi asibiti a Damagaram. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya raba shi da shayinsa mai zaƙi, duk bai damu ba. Sai da likitan ya ce in sugan bai sauka ba kafin watan azumi, to bana ba zai yi azumi ba. Baba tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko a shekarun fari. A mota ya juya fuskarsa wajen taga har muka sauka.

Cikin abin da likita ya ce a riƙa ba shi da safe har da wani hatsin ƙasashen sanyi, wanda da Faransanci ake kira "abuwan", da Ingilishi kuma "ots". Na sayo gwangwanaye a kanti. Da na buɗe ɗaya a gida, Baba ya ɗiba ya murza a tafin hannu, kamar yadda yake duba iri.

"Wannan ai dusa ce," in ji shi. "Nasara sun zuba dusa a gwangwani sun sayar maki, ke kuma kin biya."

Na juya wajen Inna na fara bayanin yadda ake zuba shi a ruwan zafi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ƴar nan, ni za ki koya wa damu?"

Na bar mata gwangwanayen, na koma bakin aiki a Tanut.

Da na dawo hutu muka je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu aka gwada jininsa. Sugan ya sauka, amma kaɗan, bai kai yadda ake so ba. Raina ya ɓaci sosai, don azumi yana matsowa. Washegari ina zaune a tsakar gida sai idona ya faɗa kan jar akuyar Inna. Rani ne, dabbobin gari duk ana ƙirga haƙarƙarinsu, ita kuwa ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake. Inna na taɓa murfin gwangwanin, akuya ta miƙe tana jan igiya.

Na gyara zama na zuba ido. Inna ta juye hatsin a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta bar shi ya jiƙa, ta cuɗa. Ruwan ya yi yauƙi. Ta yatsina fuska ta tsiyaye shi a kaskon akuya. Ta sake zuba ruwa, ta sake tsiyayewa, har yauƙin ya tafi. Abin da ya rage ta tace da ƙyallenta, dusar ta bi ruwan zuwa kasko. Ɗan farin ruwan da ya saura ta haɗa da gasarar gero, wai don ya zama abincin mutane.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na samu numfashi na faɗa mata abin da likita ya ce, wanda ta hana ni faɗa tun farko: yauƙin nan shi ne amfanin hatsin. Shi ke sa abinci ya bi hanji a hankali, sugan ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan, yana kuma rage kitsen da ke cikin jini.

"Wato duk kwanakin nan akuyata nake wa magani?" in ji Inna.

Baba yana kan tabarma ya ce, "Shi ya sa ban taɓa jin ta yi kukan suga ba."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko ina nufin ta miƙa wa ubana kunu mai yauƙi da hannunta. Na ce ko wannan, ko ya sha azumi. Da safe ta dama shi yadda yake, tana kawar da kai kamar mai fiɗar kifi. Akuya ta yi ta kuka har maƙwabta suka leƙo tambaya.

Ba zan ce hatsin kaɗai ya yi aikin ba, domin Baba ya riƙe ƙwayoyinsa, ya kuma haƙura da sukari. Amma da muka koma Damagaram gab da azumi, likita ya duba sakamakon ya ce zai iya ɗauka. Ya sauya masa lokacin shan magani, ya ja masa kunne cewa in ya ji jiri ya karya. A hanyar dawowa Baba ya gaisa da kowa a motar, har ya saya wa direba dabino. Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar ta ranar ba.

Ranar farko ta azumi da yamma na kawo shawara: Inna ta dama nata na gero don abokan Baba, shi kuma a zuba masa nasa a kofi. Haka sunanta zai tsira.

"In ya ga nawa ba zai sha nasa ba," in ji ta. "Na fi ki sanin mutumin nan."

Ƙwarya ɗaya ta dama, mai yauƙin. Na miƙa wa Baba a bakin zaure, muka laɓe bayan zana ni da ita. Aka kira salla. Can muka ji wani tsohon abokinsa yana cewa, "Malam, uwargida lafiya kuwa? Kunun bana har zare yake ja."

"Lafiyarta lau," in ji Baba. "Ba don kunun nan ba, da yau a ɗaki zan ɓuya ina jin ku kuna buɗa baki."

Daga nan sai ƙarar ludayi. Ƙwaryar ta dawo ko ɗigo babu. Inna ta leƙa cikinta, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce in tuna mata gobe ta ƙara citta da kanumfari.

"Ko mai yauƙi ne," in ji ta, "sai an san nawa ne."